Hana yara 'yan ƙasa da shekara 16 kafafen sada zumunta: me dokar Ostiraliya ta ce, kuma a kan me ake jayayya?

Tun daga ranar Laraba 10 ga Disamba, 2025, yaron da bai cika shekara 16 ba a Ostiraliya ba shi da damar mallakar shafi a TikTok, Instagram, Facebook, Snapchat ko YouTube. Ita ce ƙasa ta farko da ta kafa irin wannan haramci a faɗin ƙasarta baki ɗaya. Da labarin ya bazu, kowa ya ɗauke shi yadda ya ji. Wasu sun zaci an hana yara riƙe waya ne, wasu sun ce intanet ɗin gaba ɗaya aka rufe musu, wasu kuma suna cewa za a riƙa cin iyaye tara. Babu ko ɗaya daga cikin ukun da ke cikin dokar.

Abin da dokar ta ƙunsa

Majalisar dokokin ƙasar ta amince da ita a ƙarshen Nuwamban 2024, a zamanin Firayim Minista Anthony Albanese, tare da goyon bayan babbar jam'iyyar adawa. Aka ba kamfanoni shekara guda su shirya. Nauyin duka a wuyan kamfanonin aka ɗora shi: dole su ɗauki matakan da suka dace don hana 'yan ƙasa da shekara 16 buɗe shafi, su kuma rufe waɗanda suke da su tun da. Kamfanin da ya yi sakaci zai iya biyan tarar da ta kai dalar Ostiraliya miliyan 49.5. Yaron da ya yi dabara ya shiga ba shi da hukunci, iyayensa ma haka. Sai dai kuma uba ba shi da ikon ya ce shi ya amince ɗansa ya shiga. Amincewar iyaye ba ta buɗe ƙofar.

Manhajoji goma aka fara da su: Facebook, Instagram, Threads, TikTok, Snapchat, X, YouTube, Reddit, Twitch da Kick. WhatsApp ba ya ciki, haka YouTube Kids da manhajojin karatu irin su Google Classroom, kuma ba a sa manhajar wasa ta Roblox a jerin farko ba duk da cewa yara ƙanana sun cika shi. Abin da aka hana shi ne mallakar shafi. Yaro zai iya buɗe YouTube ya kalli bidiyo ba tare da ya shiga da sunansa ba, amma ba zai ɗora nasa ba, ba zai rubuta sharhi ba. Hukumar eSafety mai kula da kare masu amfani da intanet a ƙasar, wadda Julie Inman Grant ke shugabanta lokacin da dokar ta fara aiki, ita ke sa ido. A watan Janairun 2026 gwamnati ta sanar cewa an rufe ko an taƙaita shafuka kusan miliyan 4.7.

Kalmomin da ake yawan ji

Akwai kalmomi uku da in ba a warware su ba, muhawarar ba za ta fahimtu ba. Ta farko ita ce algoridim, wato tsarin lissafin da ke cikin manhaja wanda ke zaɓo wa mutum abin da zai gani na gaba. Ba ya tambayarka me kake so. Yana lura ne da inda yatsanka ya tsaya, daƙiƙa nawa ka yi a kan bidiyo, wanne ka maimaita, wanne ka wuce. Kamfanin da talla yake cin abinci, don haka duk mintin da ka ƙara a ciki kuɗi ne a wurinsa, kuma tsarin an gina shi ne don ya tsawaita zamanka.

Ta biyu ita ce tantance shekaru. Hanyoyinta uku ne a aikace: a nemi katin shaida, ko a sa mutum ya ɗauki hoton fuskarsa kwamfuta ta ƙiyasta shekarunsa, ko kuma kamfanin ya yi hasashe daga ɗabi'un mai shafin, kamar su waye abokansa da shekara nawa shafin ya yi a buɗe.

Ta uku ita ce lafiyar ƙwaƙwalwa. Da yawa in sun ji wannan sai hankalinsu ya tafi ga taɓin hankali. Abin da likitoci ke nufi a nan ya fi haka faɗi: ciwon damuwa mai hana yaro walwala na makonni, fargabar da ba ta da dalili, rashin barci, ƙin cin abinci saboda ƙyamar surar jiki, da tunanin cutar da kai.

Daga ina maganar ta taso

Shekara 13 da yawancin manhajoji suka sa a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga ba daga binciken likitoci ta fito ba. Asalinta wata dokar Amurka ce ta 1998, COPPA, wadda ta hana kamfanoni tattara bayanan yaro ɗan ƙasa da 13 sai da izinin iyaye. Don su huta da wannan ɗawainiya, kamfanoni suka rubuta cewa sai mai 13 zai shiga, suka bar wa yaron ya rubuta ranar haihuwarsa da kansa. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan firamare yana buɗe shafi ya san yadda ake yi: a ja shekarar haihuwa baya zuwa 1995, shi ke nan.

Abubuwa uku ne suka sauya yadda gwamnatoci ke kallon lamarin. Na farko, a 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida na kamfanin, jaridar Wall Street Journal ta fara wallafa su. A ciki aka ga binciken da ma'aikatan kamfanin suka yi da kansu, wanda ya nuna cewa a cikin 'yan matan da ke jin ba daɗi game da surar jikinsu, kusan ɗaya cikin uku sun ce Instagram na ƙara musu wannan jin. Kamfanin ya ce an karanta binciken a karkace, kuma akwai ɓangarori da dama da matasan suka ce manhajar na taimaka musu. Amma abin da ya zauna a zukatan 'yan majalisa shi ne, an sani aka yi shiru.

Na biyu ya faru ne a Landan. Wata yarinya 'yar shekara 14 ta hallaka kanta a 2017, aka yi shekaru ana neman kamfanoni su miƙa bayanan abin da ta kalla. Da aka samu, sai aka ga a wata shida na ƙarshen rayuwarta ta adana ko ta so ko ta tura abubuwa kimanin 16,300 a Instagram, kuma 2,100 daga ciki sun shafi baƙin ciki da cutar da kai da kisan kai. Da yawansu ba ita ta nemo su ba, algoridim ne ya ga ta tsaya a kan ɗaya ya ci gaba da turo mata 'yan'uwansa. Manhajar hotuna ta Pinterest har saƙon imel yake aiko mata yana ba ta shawarar ƙarin hotunan damuwa. A Satumban 2022 jami'in da ke binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa abubuwan da ta gani a intanet sun taimaka wajen mutuwarta. Wannan hukunci ya ƙara wa dokar kare masu amfani da intanet ta Birtaniya ƙarfi, aka zartar da ita a 2023.

Na uku, a Amurka babban jami'in lafiya na ƙasa a lokacin, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi a Mayun 2023. Ya kawo cewa kusan kashi 95 cikin 100 na masu shekara 13 zuwa 17 suna amfani da waɗannan kafafe, kuma wani bincike ya nuna waɗanda ke wuce awa uku a rana suna fuskantar ninki biyu na haɗarin alamun damuwa da fargaba. A Oktoban wannan shekarar jihohin Amurka sama da 30 suka haɗu suka maka Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram, a kotu, suna zargin ta tsara manhajojinta don su kama yara kamar ƙugiya. A Janairun 2024, a zauren majalisar dattawa, shugaban Meta Mark Zuckerberg ya miƙe ya juya ya ba iyayen da ke riƙe da hotunan 'ya'yansu, waɗanda suka ce kafafen sun cutar, haƙuri.

Shin da gaske wayar ce ke jefa yara cikin damuwa?

A nan ne masana suka rabu, kuma rabuwar ta gaskiya ce, ba ta masu son yara da masu son kamfanoni ba.

Ɓangare ɗaya, wanda Jonathan Haidt na Jami'ar New York ya fi fice a ciki, yana nuni da lokaci. Alƙaluman damuwa da cutar da kai a tsakanin matasan Amurka da Birtaniya da wasu ƙasashe sun fara hawa ne daga wajejen 2012, musamman ga 'yan mata, daidai lokacin da wayar zamani mai kyamarar gaba ta shiga hannun kusan kowane matashi. A ganinsu ba a rasa dalili: barci ya ragu, wasa da tsara a waje ya ragu, yarinya tana auna fuskarta da fuskokin da aka gyara da manhaja sau ɗari a yini, kuma tsokanar da a da take ƙarewa a ƙofar makaranta yanzu tana bin yaro har kan katifarsa.

Ɗaya ɓangaren yana cewa faruwar abu biyu a lokaci guda ba ta tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifi ɗayan ba. A 2019 Amy Orben da Andrew Przybylski na Jami'ar Oxford suka tace bayanan matasa sama da 350,000 na Amurka da Birtaniya. Suka samu cewa akwai alaƙa tsakanin yawan amfani da na'ura da raguwar walwala, amma ƙarama ce ƙwarai, ba ta bayyana fiye da kashi 0.4 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin matasan ba. Samun isasshen barci da yin karin kumallo sun fi ta alaƙa da walwalar yaro nesa ba kusa ba. Candice Odgers ta Jami'ar California tana ƙara da cewa kibiyar na iya zama a juye take: yaron da damuwa ta riga ta kama shi ne yake komawa ya maƙale wa waya.

Idan aka duba da kyau, maganganun biyu ba su rushe juna ba. Matsakaicin lissafi yana haɗa yaron da ke kallon ƙwallo da koyon gyaran waya da yarinyar da algoridim ya kulle a ɗakin baƙin ciki, ya fitar da adadi ɗaya ƙarami. Yawancin yara suna shiga su fita lafiya, wasu ma da riba. 'Yan kaɗan kuma suna haɗuwa da mummunar cuta, kuma galibi su ne waɗanda dama suke da rauni: mai fama da kaɗaici, wanda ake tsangwama a makaranta, wanda gidansu ba zaman lafiya. Don haka ƙirga awanni kaɗai ba ya faɗin komai sosai. Abin da yaron ke gani, da wanda ke masa magana, da ƙarfe nawa na dare yake ajiye wayar, su ne suka fi nauyi.

Haɗarin da babu jayayya a kansa

Akwai ɓangaren da ba ya buƙatar muhawarar masana, kuma shi ne ya haɗa Najeriya da wannan labari kai tsaye. Shi ne damfarar tona asiri da hoton tsiraici.

Yadda take tafiya kusan iri ɗaya ne ko'ina. Da dare saƙo zai shigo wa yaro daga shafin wata kyakkyawar yarinya wadda ga alama tsararsa ce, har ma tana bin wasu abokansa. A yi hira, a yi raha, ta turo hoto, ta ce shi ma ya turo nasa. Yana turawa murya ta sauya. Sai ga hoton jerin sunayen 'yan ajinsu da 'yan'uwansa, da saƙo cewa in bai turo kuɗi cikin minti kaɗan ba kowa zai gani. In ya biya, a nemi ƙari. Babu wata yarinya tun farko, wani ƙato ne ke riƙe da shafin, sau da yawa yana yi wa yara da dama haka a dare ɗaya.

A Maris na 2022 wani ɗalibi ɗan shekara 17 a jihar Michigan ta Amurka ya hallaka kansa cikin kimanin awa shida da fara irin wannan hira. An nemi dala 1,000, ya tura 300 da yake da su, ba a ƙyale shi ba. Bincike ya kai ga wasu 'yan'uwa biyu a Legas, aka miƙa su ga Amurka a 2023, aka yanke wa kowannensu ɗaurin shekara 17 da rabi a Satumban 2024. Hukumar FBI ta ce daga Oktoban 2021 zuwa Maris na 2023 an samu rahoto sama da 13,000 na irin wannan damfara a kan yara, yawancinsu maza, kuma aƙalla 20 sun rasa rayukansu ta haka. A Yulin 2024 Meta ta ce ta goge shafukan Instagram kusan 63,000 a Najeriya da ke da hannu a wannan sana'a.

Abin da ke ba ɗan damfarar ƙarfi shi ne kunya. Yaron ya fi tsoron mahaifinsa ya ji fiye da komai, shi ya sa yake fama shi kaɗai da tsakar dare. A al'ummar da mutuncin gida ke da nauyi irin tamu, inda hoto guda zai iya rusa maganar auren yarinya, wannan makami ya fi kaifi. Masu bincike suna ba da shawara iri ɗaya: kada a biya, kada a goge saƙonnin domin su ne shaida, a toshe shafin, a kai rahoto. Akwai kuma wani shiri na kyauta mai suna Take It Down na NCMEC, cibiyar Amurka mai kula da yaran da suka ɓata ko aka ci zarafinsu, wanda ke taimaka wa wanda aka ɗauki hotonsa yana ƙasa da shekara 18 a hana hoton yawo a manhajojin da suka shiga shirin, ba tare da hoton ya bar wayarsa ba.

Masu goyon baya da masu suka

Hujjar gwamnatin Ostiraliya ita ce an ba kamfanoni shekaru su gyara da kansu ba su yi ba, kuma iyaye ɗaiɗaiku ba za su iya ja da su ba. Uwar da ta hana 'yarta shiga ita kaɗai ta mayar da ita saniyar ware a aji. In doka ta hana kowa, matsin ya sauka. Albanese da kansa ya yarda wasu yaran za su zille, ya kwatanta da dokar hana sayar wa yara giya, wadda ake karyawa amma ba wanda ya ce a soke ta. Wata ƙuri'ar jin ra'ayi ta YouGov a Nuwamban 2024 ta nuna kashi 77 cikin 100 na 'yan ƙasar suna goyon baya.

Masu suka ba kamfanoni kaɗai ba ne. Masana sama da 140 sun rubuta wa gwamnati buɗaɗɗiyar wasiƙa suna cewa haramcin ya yi kaushi da yawa, hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta ƙasar ma ta nuna damuwa. Tsoronsu na farko shi ne an gudu ba a tsira ba: yaron da aka kora daga Instagram zai koma wata ƙaramar manhaja da ba mai sa ido, ko ya shiga da VPN, wato manhajar da ke ɓoye ƙasar da mutum yake, ko da fuskar yayansa, kuma in wani abu ya same shi a can zai ƙi faɗa saboda ya san ta ɓarauniyar hanya ya shiga. Na biyu, akwai yaran da intanet ce abokiyar hirarsu, kamar na ƙauyuka masu nisa da masu naƙasa. Na uku, don a gane yaro sai an tantance babba ma, wato miliyoyin mutane za su miƙa fuska ko katin shaida ga kamfanoni masu zaman kansu. Dokar ta hana a ce katin gwamnati ne kaɗai hanya, amma na'urar ƙiyasin fuska ta fi yin kuskure daidai inda ake buƙatarta, wajen bambance ɗan 15 da ɗan 17. Wasu matasa biyu 'yan shekara 15 sun kai ƙara Babbar Kotun ƙasar suna cewa an tauye musu 'yancin tattauna harkokin siyasa, Reddit ma ta shigar da tata.

Suka mafi nauyi ita ce haramcin bai taɓa ginin manhajar ba. Bidiyon da ba ya ƙarewa, saƙon da ke tada mutum da dare, baƙon da ke iya aiko wa kowa magana, duk suna nan suna jiran yaron ranar da ya cika 16. Birtaniya ta bi wannan ɗaya hanyar: tun Yulin 2025 hukumar Ofcom mai sa ido kan kafafen sadarwa ke tilasta wa kamfanoni su tace abin da algoridim ke nuna wa yara, su kuma tantance shekaru kafin a ga batsa ko abin da ke koyar da cutar da kai. Koriya ta Kudu kuwa ta gwada hana 'yan ƙasa da 16 wasan kwamfuta na intanet daga sha biyun dare zuwa shida na safe tun 2011, ta soke dokar a 2021. Duk da haka Denmark da Malesiya sun bayyana aniyar bin sahun Ostiraliya.

Yadda abin ya shafi gidajenmu

Manhajojin da ake magana a kansu su ne dai a hannun yaran Kano da Zariya da Maraɗi, amma yanayin riƙon wayar daban ne. Dokar Ostiraliya ta ginu ne a kan yaro ɗaya, waya ɗaya, shafi ɗaya. A gidaje da yawa a nan, wayar uwa ce ke zagayawa. Bayan isha'i yarinya ta ce, "Umma, ara min wayarki in duba aikin makaranta," ta shige ɗaki da ita, ƙannenta biyu sun leƙo ta kafaɗarta. Shafin TikTok ɗin na Umma ne, shekarun da ke kai na Umma ne, kuma algoridim ɗin abin da ya dace da babba yake kawowa. Babu na'urar tantance shekarun da za ta ga wannan.

Sai matsalar harshe. Masu tace abubuwan da ake ɗorawa, mutane ne ko kwamfuta, sun fi ƙwarewa a Turanci. Takardun Haugen sun nuna kashi 87 cikin 100 na abin da Facebook ke kashewa a lokacin wajen tantance labaran ƙarya a Amurka yake tafiya, sauran duniya ta raba 13. Zagi ko habaici ko zancen batsa da aka yi da Hausa, balle a cikin murya, ya fi sauƙin wucewa ba a kama ba.

Ta fuskar doka ba a ce babu komai ba. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ta haramta hotunan batsa na yara da yaudarar yaro ta intanet don lalata, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta wajabta neman amincewar iyaye ko mai kula kafin a sarrafa bayanan yaro. Aiwatarwa ce ke da wuya, tunda kamfanonin ba a nan suke zaune ba.

Abin da ya riga ya iso hannun iyaye shi ne gyare-gyaren da matsin lambar waɗancan ƙasashe ya tilasta. Tun 2024 Instagram ya fito da shafin matasa, wanda yake a rufe ga baƙi, yake tunatar da yaro bayan minti 60, yake kuma kashe sanarwa daga goma na dare zuwa bakwai na safe. TikTok ya hana 'yan ƙasa da 16 aika saƙon sirri, yana kuma da tsarin haɗa wayar uba ko uwa da ta yaro. A wayoyin Android akwai Family Link na Google, wanda ke ba iyaye damar ƙayyade lokaci da amincewa da kowace manhaja kafin a sauke ta. Dukkansu da sharaɗi ɗaya suke aiki, wato shekarun da aka rubuta a shafin su zama na gaskiya. Yaron da aka buɗe wa shafi a shagon mai cajin waya da shekarar haihuwa ta 1995, a wurin kamfanin magidanci ne da ya kai shekara talatin, kuma da wuya ɗaya daga cikin waɗannan kariya ta hau kansa sai an koma an gyara ranar.